Shekarar da Aka Sa Ni Auna Duniya

Ni ilimin halittu na karanta. Ganye da jini da ƙwayoyin cuta, da yadda wake yake tsira a cikin auduga mai laima, su ne abin da na sani, su kuma aka tura ni in koyar a wata lise, wato babbar sakandare, da ke wani gari arewa da Dogon Dutsi, gaba da Matankari. Malamar kwantaragi ce ni a lokacin, ina shekarata ta biyu da fara aiki. Azuzuwanmu na ƙasa rumfunan zana ne, ajin ƙarshe, wato tarminal, shi kaɗai ke da ginin siminti da tablo, allon bango mai kyau, saboda su ne za su zauna jarrabawar bak ta kammala sakandare a ƙarshen shekara.

Ana gama girbi, lokacin da harawa ta cika kan ɗakuna, malaminmu na fizik ya samu wani aiki a Yamai. Ranar Juma'a ya yi mana sallama, ranar Litinin direkta ya aika a kira ni ofis. Dattijo ne mai sanyin magana, wanda ba ya kallon mutum in zai ɗora masa kaya. Ya turo mini wani littafi mai kauri da bangonsa ya fara rabuwa.

"Madam, ke za ki riƙe muna tarminal a fizik, kafin a turo wani."

"Mushe," na ce, yadda muke kiran malamai maza da Faransanci, "ni fa ba fizik na karanta ba."

"Kimiyya dai kika karanta ko?"

"E, amma ta halittu."

"To duk gida guda ne. Kin ci bak, kin yi wanga darasi da kanki. Ki bi littafi kawai, yaran nan suna da hankali."

Gaskiya ne na yi darasin da kaina, shekara bakwai kafin ranar. Abin da ban gaya masa ba shi ne haddacewa na yi na zubar a takarda, na fito ban waiwaya ba. Na ɗauki littafin na ce to.

Makonni biyu na farko na lallaɓa. Ina karanta shafi da yamma, in kwafe shi a tablo da safe, yara su kwafe a kaye, littafinsu na rubutu. In an yi tambaya sai in maimaita abin da na faɗa da ƙarfi kaɗan, mai tambaya ya yi shiru. Sai muka iso babin zagayen wata da taurari. A nan aka ba da ƙa'ida a cikin akwati mai jan layi:

T² / r³ = 4π² / (G × M)

Littafin ya yi bayani. T shi ne lokacin da wata yake ɗauka ya zagaye duniya sau ɗaya, r nisan da ke tsakaninsu, G wata lamba ce da ba ta sauyawa, M kuwa nauyin duniya. A ƙasa aka sa aiki: ga T, ga r, ga G, a fitar da M. Wato a auna duniya. Amsar tana bayan littafi, kilo shida da sifili ashirin da huɗu a gabansa. Amma yadda aka taso daga akwatin aka isa can, ba a nuna ba. Layi ɗaya aka rubuta da Faransanci, wai daga nan a sauƙaƙe ake samun M.

Tunda an ce a sauƙaƙe, ban ma gwada a gida ba. Na shiga aji da alli a hannu, na rubuta ƙa'idar, na juyo na ce musu yau za mu auna duniya. Suka yi dariya, suka gyara zama. Su talatin da ɗaya ne, ƴan mata tara.

Abu ɗaya na riƙe tun ina kwaleji game da irin wannan lissafi. Malaminmu na lokacin yakan sa mu rera shi kamar waƙa: in ya tsallaka, ya sauya alama. Duk abin da ya ƙetare layukan nan biyu na daidai, in da ƙari ne ya koma ragi. Da shi na ci jarrabawa da yawa. Saboda haka na kama M na tsallakar da shi hagu, na sa masa alamar ragi. Na tsallakar da T da r dama, su ma na sauya musu. Na karɓi ƴar na'urar lissafi a hannun wani yaro na buga lambobin. Abin da ya fito yana da alamar ragi a gabansa, kuma bai yi kama da komai ba.

Na tsaya ina kallon na'urar. Wani dogon yaro da ke zama a baya, wanda tsawonsa ya sa ba ya iya shigar da ƙafafunsa ƙarƙashin tebur, ya ce, "Madam, duniya ba ta kai sifili ba ke nan?"

Aji ya fashe. Ni ma na yi ƴar dariya, na ce na yi haka ne in ga ko suna biye da ni. Na goge.

Ina gogewa na tuna cewa waƙar tana da baiti na biyu: in sau ne ya koma rabawa, in rabawa ne ya koma sau. Raina ya ɗan kwanta. Na sake farawa a hankali. G yana ƙasa a dama, na ɗauko shi na kai shi sama a hagu. 4π² yana sama a dama, na kai shi ƙasa a hagu. Yanzu babu abin da ya rage a dama sai M shi kaɗai. Na ja masa layi biyu, na buga lambobi, na juyo da na'urar ina murmushi kafin ma in duba.

Ɗaya da ɗigo shida, sannan can a gefe an rubuta ragi ashirin da biyar. Na san ma'anar wannan, ko a ilimin halittu muna amfani da shi wurin auna ƙananan abubuwa. Sifili ne, ɗigo, sifili ashirin da huɗu, sannan lamba ta biyo. Duniyar da muke zaune a kai, da duwatsunta da rijiyoyinta da shanun da ke wucewa bayan makaranta, ba ta kai ƙwayar hatsi ba. Ba ta ma kai ƙwayar cutar da nake zana musu a darasina ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sifilin. Ashirin da huɗu ne a nawa, ashirin da huɗu ne a bayan littafi. Ta yaya za a ce ban yi daidai ba alhali sifilinmu ɗaya? Ta yaya kuma za a ce na yi daidai? Na duba littafi, na duba tablo, na sake duba littafi. Babu mai dariya wannan karon. Wata yarinya da ke layin gaba, siririya mai ƙaramar murya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Madam, mu kwafe?"

"Ku dakata," na ce. "Akwai kuskure a littafin nan. Zan duba."

Aka buga ƙarfen tashi. Ban taɓa jin daɗin ƙarar tsohon wilin motar nan da ke rataye a bishiya kamar ranar ba.

Kwana uku ina fama da abin a ɗakin da nake haya. Na cika shafi shida. Duk hanyar da na bi, ko in dawo kan ƙwayar hatsi, ko in faɗa wani ramin daban. Na gwada kifar da amsar, wato in raba ɗaya da ita, sai ga shida da sifilinsa sun fito cif. Na yi tsalle, sannan na zauna. Me ya sa zan kifar? Wa ya ce in kifar? In yarinyar nan ta tambaye ni dalili, in ce mata saboda bayan littafi ya ce haka? Malamin lissafinmu yana nan, amma saurayi ne mai yawan ba'a, kuma na san kafin azahar duk malamai sun ji. Direkta kuwa tarihi ya karanta.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu zuwa bakin hanya, na samu mota zuwa Dogon Dutsi. Na yanke shawarar in je wurin wanda ya koya mini waƙar. Ya daɗe da yin ritaya, na ji an ce yana unguwar bayan kasuwa yana kiwon raguna. Sai da na tambayi masu shago uku kafin aka nuna mini gidan.

Na same shi a tsakar gida, zaune kan kujerar roba, yana ware harawa yana zuba wa raguna huɗu da ke ɗaure a turke. Ya tsufa fiye da yadda na zata, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi shekarar da na yi ajinsa. Bai tuna ni ba, ya ce amma muryar ba baƙuwa ba ce. Matarsa ta kawo mini ruwa da tabarma.

"To ɗiyata, mi ke tahe da ke?"

Na buɗe kaye na miƙa masa. Ya ce ba ya ganin ƙananan rubutu, in karanta masa. Na karanta ƙa'idar, na faɗi abin da ake nema, na bi masa matakan da na bi ɗaya bayan ɗaya.

"Tsaya. Kin ce kin tsallakar da shi?"

"E, Baba."

"Ya tsallaka ina? Gulbi ne?"

"Ai haka kuka koya muna. In ya tsallaka, ya sauya alama."

Ya ajiye harawar da ke hannunsa. "Ni na koya muku hakanga?"

"Har rerawa muke yi."

Ya kalli ragunansa, ya ce, "Ku tamanin ne a aji. In na tsaya bayani, shekara ta ƙare ba mu kai rabin littafi ba. Waƙa ta fi saurin shiga." Ya ce da ni in matso, ya karyo kara, ya share ƙasa da tafin hannu. "Babu abin da ke tsallakawa. Ba a taɓa yin abin da ya tsallaka ba. Abin da kika yi wa dama, ki yi wa hagu, shi ke nan lissafin."

Na ce to, amma a raina na ji kamar an ce mini sallar da nake yi shekara goma ba alƙibla nake kallo ba. In babu abin da ke tsallakawa, yaya aka yi na ci jarrabawa da shi? Yaya aka yi wani lokaci yake ba da amsa daidai?

Ya rubuta manyan lambobi a ƙasa: shida bisa uku, daidai da goma bisa biyar. "Wanga gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, biyu da biyu."

Ya shafe biyar ɗin da yatsa, ya rubuta M. "Mun san biyar ne, mun ɓoye shi. Nemo mini shi da hanyarki."

Na karɓi karan. Na ɗauke goma daga sama a dama, na kai ta ƙasa a hagu. Shida bisa talatin. Na ce M ɗaya bisa biyar ne. Ina faɗa na ji abin ya yi mini wani iri, don da idona na ga biyar ɗin da ya shafe.

"Da kika ɗauke goma daga sama, mi ya rage a saman?"

"Babu komi."

"Akwai."

Na duba ƙasa. Wurin da goma take dā, yashi ne kawai da sawun yatsana. "Baba, ni na shafe ta. Babu komi."

"Ɗaya ya rage."

"Ɗaya daga ina? Ba mu rubuta ɗaya ba."

"Ba ki ɗauke goma ba, raba ta kika yi da goma. Goma a raba da goma nawa ne?"

"Ɗaya."

"To ga shi nan. M bai taɓa hawowa sama ba, yana ƙasa inda kika bar shi, da ɗaya bisa kansa. Ɗaya bisa M kika samo, kika kira shi M."

Na gane, na kuma rasa ganewa, duk a lokaci guda. In na bi maganarsa kalma bayan kalma sai in ga hanya. Da na ɗaga kai na sake kallon lambobin sai idona ya koma ganin abubuwa suna tsallake layi kamar awaki a kan katanga. Na gaya masa haka. Ya yi dariya har ya yi tari.

Muka koma kan ƙa'idar wata. Ya hana ni cewa "na kai shi can". Duk matakin da zan yi sai na faɗa da baki: na ninka hagu da M, na ninka dama da M. Na ninka hagu da r sau uku, na ninka dama. Na raba hagu da T sau biyu, na raba dama. Sau uku ina kuskure, sau uku yana buga karansa a ƙasa. A na huɗu M ya tsaya shi kaɗai a hagu, a sama, sauran duk suna dama:

M = 4π² × r³ / (G × T²)

Na buga a wayata. Shida da sifili ashirin da huɗu. Na nuna masa, ya ce ba ya gani, amma ya ji a muryata. Matarsa ta hana ni tafiya sai na ci tuwo. Da zan fita ya sa ta rubuta mini lambar wayarsa a bayan kaye, ya ce in na sake maƙalewa in kira, ragunan ba sa hira.

Ranar Litinin na shiga aji da ƙarfina. Na ce musu littafi ba shi da kuskure, ni ce na yi. Na ga sun kalli juna, don ba su saba jin haka daga malami ba. Na fara da shida bisa uku, na sa su nemo biyar da aka ɓoye. Rabinsu suka faɗa ramin da na faɗa, abin da ya ɗan sanyaya mini rai. Muka bi matakan tare, ina faɗa suna amsawa, hagu da dama, hagu da dama. Sau ɗaya bakina ya suɓuce na ce "ya tsallaka", dogon yaron nan ya ce, "Madam, kin ce babu gulbi." Da amsar ta fito wasu har tafi suka yi.

Ina kakkaɓe alli daga hannuna yarinyar layin gaba ta ɗaga hannu.

"Madam, T ɗin nan da muka sa. An ce kwana ashirin da bakwai da ɗan ƙari."

"Haka ne."

"Amma wata ba ya yin ashirin da bakwai. Ashirin da tara yake yi, ko talatin. Babana ladan ne, yana cikin masu fita duban wata. Tun da nike ban taɓa jin an sha ruwa da azumi ashirin da bakwai ba."

Ba da tsiwa ta faɗa ba. So take ta sani. Na juya na kalli lambar a tablo. Sau nawa na rubuta ta a makon nan, a kaye, a ƙasa, a waya, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba. Ni ma ai na san wata. Da shi nake azumi, da shi uwata take ƙirga haihuwar kowa a gidanmu. Ashirin da tara ko talatin. To ina kwana biyu suka tafi? In kuma littafi ya yi kuskure a nan, yaya aka yi amsa ta fito daidai? Ko amsar ma ba daidai ba ce, sun dai shirya lambobinsu ne su hau juna? Wa ya taɓa ɗora duniya a sikeli ya tabbatar?

Aji ya fara guna-guni. Wani ya ce watan Nasara daban ne. Wani ya ce wata ɗaya ne a sama, kada a raina musu hankali. Wani ya ce a sa talatin a gani. Muka sa talatin, amsa ta sauka ƙasa da shida, ta kusa biyar. Wannan ya ƙara dagula abin, don yanzu muna da duniya biyu.

Bakina ya ɗauko "akwai kuskure a littafi", na haɗiye. Na ce, "Ban sani ba. Ku ba ni zuwa jibi."

Da aka tashi na je bayan makaranta, kan wani tudu inda ake samun rezo na waya, na kira tsohon malamina. Na yi masa bayani ina ihu saboda iska. Ya ce, "Yarinyar ta yi gaskiya, littafi ma ya yi gaskiya." Na ce yaya za a yi duka biyu su yi gaskiya. Muryarsa tana zuwa tana yankewa. Abin da na iya tsinta shi ne, "Duniya ba tsaye take tana jiran wata ba," sai kuma, "fitar da su waje, ki nemi abu mai nisa ki sa shaida." Daga nan layi ya mutu. Na sake kira har sau biyar, bai shiga ba.

Na kwana biyu ina juya maganar. Na zana da'ira a kan da'ira har takarda ta huje. Na ɗauki lemo da ƙwallon goruba ina zagaya su a kan tabarma, matar gidan da nake haya ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya. Ranar Laraba ta zo ban gane ba. Na dai yanke cewa zan yi abin da ya ce, in fitar da su waje, ko Allah zai sa wani ya gani.

Akwai bishiyar dogon yaro a tsakiyar filin makaranta, can gabas kuma, nesa sosai, ana hango wani tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai. Na ce bishiya ita ce rana. Dogon yaron baya shi ne duniya, na tsayar da shi yamma da bishiyar. Yarinyar ita ce wata, na sa ta tsakaninsa da bishiya, don littafi ya ce a haka wata yake ɓuya kafin ya tsaya sabo. Daga inda yaron yake, yarinya da bishiya da tsauni duk suna layi ɗaya. Na ce tsaunin ne shaidarmu, ko da yake ban san shaidar me ba. Na ce shi ya riƙa zagaya bishiya a hankali, ita kuma tana zagaya shi.

Farkon abin wasa ya zama. Ya yi sauri, ta bi shi da gudu. Ta zagaya ta hagu, shi ya bi dama. Ya ce jiri yake ji, alhali ba shi ke juyawa ba. Ƴan ajin ƙasa suka leƙo ta zana suna kallo, direkta ya fito bakin ofis ya riƙe ƙugu. Na ce a sake. Na sa sauran su riƙa tafi a hankali, kowane tafi taki ɗaya, shi ƙaramin taki, ita babba.

A zagaye na uku ko na huɗu ta tsaya cak.

"Madam, na ƙare, amma ban iso ba."

"Kamar yaya?"

"Ga tsauni can bayana, inda na faro. Na zagaye shi sau ɗaya cif. Amma dubi bishiya, ba ni tsakaninsu. Ya gusa. Sai na ƙara." Ta yi taki biyu, ta shiga tsakaninsa da bishiyar. "Yanzu ne wata zai tsaya."

Wasu suka ce "Aaa!" Wasu suka ce ba su gani ba, a sake. Ni ina cikin na biyun, sai dai ban faɗa ba. Na sa aka sake, na koma bayan yaron na tsaya ina leƙe ta kafaɗarsa. Sai a lokacin na ga abin: ta dawo saitin tsauni, bishiya kuwa ta koma gefe. Takun nan biyu da ta ƙara su ne kwana biyun da suka ɓace mini. Na riƙe abin a kaina kamar ruwa a tafin hannu, ina tsoron in motsa ya zube.

"To Madam, wanne za mu sa a lissafi?" in ji dogon yaron.

"Na tsauni," na ce. "Ashirin da bakwai."

"Don mi?"

Na buɗe baki, na ji ruwan ya fara zuba. Yarinyar ce ta ce, "Don shi ne zagayen. Ɗayan har da biyan tafiyarka." Na ce haka ne, na kuma yi fatan haka ne. Da yamma na duba wani shafi can gaba a littafin, na tarar ta yi daidai.

Washegari ta gaya mini ta yi wa babanta bayani da tulu da moɗa a tsakar gida. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to, shi dai ranar ashirin da tara zai fita dubawa kamar kullum. Ta ce masa ai littafin ma bai hana ba.

Na ci gaba da riƙe ajin har wata biyu. Ban zama gwana ba. Kowane sabon babi sai na hau tudu na kira Dogon Dutsi, wani lokaci a samu layi, wani lokaci in dawo da rabin jimla. Yara suka saba da jin "ku ba ni zuwa jibi", har in na yi shiru a gaban tablo sai wani ya faɗa a madadina.

Bayan hutun tsakiyar shekara aka turo sabon malamin fizik, wani matashi ɗan Tibiri da ya fito jami'a, mai saurin magana da saurin rubutu. Direkta ya kira ni ofis ya yi mini godiya, ya ce in miƙa littafi. Na ɗauka zan ji sauƙi. Na miƙa, na fito, na tsaya a baranda hannuna babu komai, na rasa inda zan nufa, alhali ina da aji yana jirana.

Ranar Alhamis ina da awa biyu da babu darasi, daidai lokacin fizik na tarminal. Na same shi kafin ya shiga, na ce ko zai bar ni in zauna a baya. Ya yi mamaki, ya ce ko direkta ne ya sa in duba aikinsa. Na ce a'a, babin da zai fara ne ban taɓa ganewa ba tun ina ɗaliba. Ya ce bismilla.

Na zauna a benci na ƙarshe, dogon yaron ya matsa mini. Malamin ya fara babin lantarki, alli yana gudu a tablo, layi yana haifar layi. Minti goma na farko ina biye da shi. Sai ya rubuta wani abu, ya ce daga nan a sauƙaƙe ake samun wannan, ya sauka layi na gaba. Na duba hagu, na duba dama, na ga yara sun duƙufa suna kwafa. Na ɗaga hannu.

"Madam?" ya ce, yana ɗan murmushi.

"Mushe, yi haƙuri. Koma layin sama. Me ka yi wa hagu?"